Kek ɗin Kanti a Tukunyar Yashi

Da an shiga goman ƙarshe na azumi, hankalin mutanen Sule Tankarkar yakan koma kan tela da mai kitso da mai lalle. Amma wanda ya ɗan tsaya a gaban masu tireda cikin waɗannan kwanaki zai ga wani ciniki da ba a saba da shi ba a shekarun baya. Ɗan kek ɗin nan na leda, wanda bai cika tafin hannu ba, wanda a sauran ranakun shekara 'yan makaranta ne ke saye ɗai-ɗai da kuɗin tara, shi ne yanzu ake aiko yaro ya sayo da dozin. A ce masa ya haɗo da garin kastad, da 'yar bota, da madarar gwangwani mai kauri da zaƙi irin wadda ake iloka da ita, wani lokaci har da fakitin biskit ɗin Cabin. Mai shago ya riga ya gane saƙon. Kafin yaro ya gama lissafi ya fara sauko da sauran kayan.

Yawancin kayan nan daga Kasuwar Singa ta Kano suke tasowa, su biyo motocin Gumel, daga nan 'yan sari su rarraba su zuwa Sule Tankarkar da Gagarawa da garuruwa irin su Danzomo da Jeke. Wani kek ɗin kuma a nan kusa ake gasa shi, mata ne ke yi a gida su ƙulla a farar leda su aika shaguna. Akwai kuma biskit mai rubutun Faransanci da ke shigowa ta Maigatari, inda kasuwa ke ci kowace Alhamis. Ko daga ina ya fito, a wannan lokaci ba don a miƙa wa yara a hannu ake sayensa ba. Tukunya zai shiga.

Na ga yadda ake yi a gidan yayana, a hannun 'yarsa da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ba su da obin, kuma ko da akwai, wutar da za ta tashe shi ba abin dogaro ba ce. Sai ta bi hanyar da matan ƙasar nan suka daɗe suna bi in za su gasa kek. Ta ɗauko wata tsohuwar tukunyar ƙarfe da aka daina girki da ita, ta zuba yashi a gindinta kaurin yatsu uku, ta rufe, ta ɗora a murhun gawayi ta bar shi yana ɗaukar zafi. Yashi dai Allah ya hore mana shi a wannan yanki, ko ƙofar gida ka fita ka ɗebo. Amma ita sai da ta tankaɗe shi da rariya, ta wanke tun jiya ta shanya, don kada ƙaurin ƙasa ya kama abinci.

Kafin yashin ya yi zafi ta shafe kwanon silba da bota, har gefe-gefe. Ta zare kek daga ledojinsu, ta tsaga kowanne gida biyu a kwance, ta jera a gindin kwanon tana dannawa da bayan cokali har suka haɗe ba kafa. Biskit ɗin kuma ta jingina su a tsaye jikin kwanon, suka zagaye shi. Sannan ta dama kastad da kauri, ba irin tsararon da ake sha da ƙosai ba, wanda in ka ɗaga ludayi sai ya yi jinkiri kafin ya zubo. Ta sauke ta bari ya sha iska, don in da zafinsa aka fasa ƙwai a ciki nan take ƙwan zai dahu ya yi gudaji. Da ya huce ta kaɗa ƙwai biyu ta juye, ta tsiyaya madarar tana juyawa. Sukari ko ƙwaya ba ta sa ba. Da na tambaya sai ta ce, “Gwaggo, ai kek ɗin da zaƙinsa ya zo, madarar ma haka. In na ƙara, ba mai iya cokali uku.”

Ta kwarara rabin haɗin a kan kek ɗin, ta dakata har ya tsotse, ta watsa dabinon da ta cire wa ƙwallo ta yayyanka, ta sake jera wani sahun kek, ta juye ragowar. A sama ta barbaɗa dakakkiyar gyaɗa soyayya. Cikin tukunyar ta ajiye 'yan duwatsu uku ta ɗora kwanon a kansu, don kada gindinsa ya zauna kan yashi ya ƙone. Ta kife murfi, ta kwaso garwashi ta zuba a kansa. Wuta a ƙasa, wuta a sama, ta saman ta ɗan fi yawa.

Innarmu na zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ido ɗaya na kan tukunyar.

“Ke kishiya, abin da aka riga aka gasa shi za ki sake gasawa? Wannan wane irin girki ne?”

“Iya, ki bari dai ya fito. Ke za ki fara cewa a ƙaro.”

“Allah ya sawwaƙe. Mu da muka yi alkakin da sarakai suka ci.”

Wajen rabin sa'a ƙamshin madara da gyaɗa ya cika tsakar gida. Ta kawar da garwashin, ta ɗaga murfi a hankali don kada toka ta faɗa. Sama ya yi ja, gefe yana ɗan tafasa yana fitar da ƙananan ƙwai-ƙwai na zaƙi. Ta soka tsinken tsintsiya a gefe, ya fito a bushe. Ta soka a tsakiya, ya fito da danshi. Mai gasa kek na yau da kullum in ta ga haka mayar da murfi take yi, amma ita nan take ta sauke. Ta girgiza kwanon kaɗan, tsakiyar ta yi rawa kamar kindirmo a ƙwarya. Ta ce, “Yanzu ne, Gwaggo. In na bar shi ya daskare duka, ya koma burodi.” Duk gwanintar abin tana nan, a sanin lokacin saukewa, domin zafin da ke jikin kwanon zai ci gaba da dafa shi bayan an sauke. Da ya huce aka sa cokali, sai ya taso da ɗanƙo, sama da ɗan garas na gyaɗa, ciki lugub, dabinon ya narke ya bi jikin kek ɗin har ba ka iya raba su. Inna ta ci. Ba ta yaba da baki ba, amma ta share 'yar tasarta tas, kuma na lura da abin da ban taɓa kawowa a rai ba: shekara nawa rabonta da cin kayan sallah ba tare da ta jiƙa a shayi ba. Cincin da alkaki na masu haƙori ne. Wannan kuwa tsohuwa da yaron goye duk suna iya ci daga kwano ɗaya.

Babu wani asiri a cikin ɗanƙon nan. Garin kastad sitacin masara ne da aka sa wa launi da ƙamshi, in ya ji zafi sai ya kumbura ya riƙe ruwa. Ƙwai shi ke ɗaure haɗin ya tsaya. Yawan sukarin da ke cikin madarar kuma yana hana danshi gudu, shi ya sa tsakiyar ba ta bushewa. Kek ɗin da ya kwana biyu a kan kanta ya ɗan sha iska ya fi dacewa da wannan aiki, don shi ne mai ƙishin da zai tsotse madara bai wargaje ba, sabon fitowa daga wuta dagargajewa yake ya zama kunu. Yashi kuma aikinsa ya riƙe zafi ya raba shi daidai, abin da harshen wuta ba ya yi.

Na ji masu cewa wannan ba girki ba ne, lalaci ne na 'yan matan zamani da waya ta ɗauke wa hankali. Ban yarda ba, kuma ina ganin masu faɗin haka ba su duba tsakar gidajensu da kyau ba. Tun tale-tale muna sayen abin da wani ya gama mu ƙarasa shi a gida. Matar da ta aika aka sayo fura, ta sayi nono a hannun Bafillatana, ta zauna ta dama har ta yi laushi ba gudaji, ba a taɓa ce mata malalaciya ba, yabon damunta ake yi. Gurasar Kano a tanderun wata ake gasa ta, mai bandashe ya saya ya yayyafa ruwa ya zuba ƙuli-ƙuli da mai da albasa, kuma kowa ya san bandashen wani ya fi na wani. Taliya ma da a gida ake murzawa a shanya a igiya, yau ta leda ake dafawa, ba wanda ya ce a daina kiran mai dafa ta mai girki. Yarinyar da ta san ta wanke yashi, ta san ta bar kastad ya huce kafin ƙwai, ta san wutar sama ta fi ta ƙasa, ta kuma iya sauke abu a daidai lokacin da ido ke cewa bai yi ba, wannan ta iya girki. A waya ta ga hoton abin, gaskiya ne, amma waccan mai bidiyon obin gare ta da ma'auni da agogo. Mayar da shi kan gawayi da tsinken tsintsiya aikin kan 'yar yayana ne.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Wanda ya yi karatu a Masar ko ya je Umara ya ci abinci a otal zai iya tuna Ummu Ali, wadda ake yi da gutsattsarin burodi ko gasasshen ƙullin fulawa na saye, a jiƙa da madara da sukari da 'ya'yan itatuwa a gasa har sama ta yi ja. Musulmin Indiya da Pakistan suna da shahi tukda, yankakken burodi soyayye da ake jiƙawa a madara mai kauri, kuma abincin sallarsu ne. Turawan Ingila sun daɗe suna jera busasshen kek a tasa su kwarara kastad a kai. A Amurka, inda aka fara sayar da ɗan kek ɗin leda mai suna Twinkie tun 1930, matan gida kan sayo irin waɗannan kek na kanti lokacin Kirsimeti su marmasa su ko su jera su a faranti, su haɗa da madara da bota su gasa. Ko'ina ka duba, dabarar ta masu son fitar da abin biki ce daga ɗan abin da ke hannu.

Ɗan abin da ke hannu kuwa shi ne ainihin maganar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube, fulawa da sukari da man gyaɗa suka yi tashin da kowace uwar gida ta ji a jikinta. Alkaki da dubulan da cincin duk suya ce, suya kuwa mai take sha, kuma ba a yin su kaɗan. Ba wadda za ta hura wuta ta ɗora kaskon mai don ta soya alkaki goma. Sai an auno alkama da kwano, an sayi mai da galan, an tanadi sukarin da za a dafa a tsoma su. Alkamar kanta, duk da ana noma ta a fadamun Haɗeja, yawancin wadda ƙasar nan ke ci daga waje ake shigo da ita. Sukari ma haka. An daɗe ana maganar gonar rake da masana'antar sukari a Gagarawa, nan maƙwabtanmu, amma akasarin wanda ke cikin shagunanmu ɗanyensa daga Burazil yake zuwa, a tace shi a Legas, ya hau tirela ya keto ƙasar nan kaf kafin ya iso mu. Kowace tasha da ya tsaya sai kuɗinsa ya ƙaru.

Haɗin kek kuwa yana karɓar ko nawa gare ka. Mai kek shida ta yi a ƙaramin kwano, mai ashirin ta yi a babba. In babu madarar gwangwani, ta gari ta ƙaramar leda ma ta yi, irin wadda Cowbell ya fara yaɗawa a Najeriya a 1993 har ta zama ita ce madarar talaka. Ba ya cin mai, gawayinsa kaɗan ne. Sannan a tuna da yanayin da ake aikin: mace tana azumi, a shekarun da ya faɗo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin wannan yanki kan haura digiri 40, a ce ta wuni a gaban tafasasshen mai. Wanda bai taɓa yi ba shi ke saurin cewa lalaci. 'Yan matan da a da su ne hannun aikin, yanzu da yawansu suna makarantun kwana ko suna Gumel da Dutse da Kano, sai ana saura kwana biyu ko uku sallah suke dawowa, kitso ma da ƙyar suke samu.

Duk da haka akwai abin da ke damuna, kuma ba ƙarami ba ne.

Yawancin kayan kantin da suka shiga kwanon nan masu jure ajiya ne. Madarar gwangwani mai zaƙi wani Ba'amurke, Gail Borden, ya yi wa rajista a 1856, don madara ta yi doguwar tafiya ba ta lalace ba a zamanin da babu firji. Garin kastad wani mai haɗa magunguna ne a Birmingham, Alfred Bird, ya fito da shi a 1837, saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai, kuma gari ne da zai yi watanni a gwangwani. Biskit ɗin Cabin busasshe ne ƙamas. Kek ɗin leda an yi shi ne ya zauna a kanta. Amma da zarar an buɗe su an haɗa da ruwa da ƙwai an gasa, sai a samu abin da ba ya kwana. A zafinmu, ba firji, abin da aka sauke da hantsi in ya kai bayan isha'i sai a yi hattara da shi. Washegari kuwa kada a ba yaro, ko da bai canza ƙamshi ba.

Kayan sallarmu na gado akasin haka suke. Daga ɗanyen abu ake fara su, a ƙare da abin da zai yi makonni. A ɓarza alkama, a murza ta da ɗan mai, a kwaɓa da abin tsami a rufe ta kwana, washegari a mulmula a naɗe ta yadda ake naɗin alkaki, a soya, a tsamo da zafinsa a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari mai ɗan tsamiya har ya sha ya ƙoshi. Nakiya ta fi shi wuya: a wanke shinkafa a niƙa, a soya garin sama-sama, a zuba a turmi da zuma ko sukari da man shanu da citta da kanumfari da masoro, a yi ta kirɓawa har damatsa su gaji kafin ta kama jikinta. Mai da zaƙi da rashin ruwa su ke tsare su. Shi ya sa nakiya ke cikin garar amarya, don za ta yi watanni a ɗaki ana gutsura, ana ba baƙo, ana lasa wa yaro.

Wannan jurewa ita ce ta ba su ƙafa. Ranar sallah da kwanakin da ke binta, langa da samira ba sa zama a gida. A zuba alkaki da dubulan a ɗaure da ɗankwali a aika gidan surukai. A ƙulla cincin a leda a ba kowane yaron da ya shigo barka da sallah. A cusa wani ƙulli cikin jakar ɗan da zai koma Kano, a ba direba wani ya kai wa 'yar da ke aure a Gumel, wadda gidanta zai cika da baƙin da suka zo kallon hawan Mai Martaba. Mu mutanen bakin iyaka kuma rabin danginmu suna can ƙetare, a Dungas da Magarya har Damagaram. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, amma ba a daina aure da suna da gaisuwar sallah tsakaninmu ba, kuma abin da ake riƙewa a hannu in za a je shi ne irin wannan busasshen zaƙi da ba ya tsoron rana ko kwanan hanya. An ce zumunci a ƙafa yake, to ƙafar ba ta cika tafiya hannu rabbana ba.

Haɗin kek ba ya iya wannan ko kaɗan. Ba ya ƙulluwa a leda, ba ya hawa babur, ko gidan maƙwabta za a kai sai an tallabe shi da hannu biyu. Na 'yan gida ne, a ci a zaune da cokali, a wanke kwano. Yana da daɗinsa, har ma yana tara mutanen gida wuri guda na ɗan lokaci, amma iyakarsa zaure. In har ya zama shi kaɗai gida ya yi na sallah, to surukai ba su ga komai ba, yaran unguwa ma sai dai a ba su alewar kanti.

Akwai kuma wajen yinsa. Cincin ba a yin sa da hannu biyu. Wata na murzawa, wata na yankawa, wata na gaban kasko, yara na kwashewa suna satar na gefe, maƙwabciya ta shigo da wuƙarta da faranti don gobe ita ma za a je nata. A nan ake jin wa za a aurar bayan sallah, wa ke fushi da wa, a nan ake sulhu ba tare da an kira shi sulhu ba. A nan kuma yarinya ke koyon naɗin alkaki, ba da an zaunar da ita an koya mata ba, da gani da ɓatawa da dukan bayan hannu. Haɗin kek aikin mutum ɗaya ne, cikin sa'a guda an gama, ba a bukatar kowa. Sauƙinsa ke nan, kuma nan ne asararsa take. A unguwarmu matan da suka iya alkaki na gaske, wanda in ka gutsura za ka ga zaƙi ya ratsa har cikinsa bai kuma yi tauri ba, duk sun manyanta. Yawancin gidaje yanzu wurinsu ake kai kuɗi a yi oda tun tsakiyar azumi. Sana'a ce mai kyau, Allah ya sa albarka, amma in ba a zauna kusa da su an koya ba, ranar da suka gaza shi ke nan.

Ga mai niyyar gwadawa, akwai 'yan abubuwan da bai kamata a yi wasa da su ba. Kek ɗin kamfani a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa, domin kayan da suka kusa lalacewa sau da yawa ƙauye ake turo su a farashi mai sauƙi, kuma jajibirin sallah kowa sauri yake ba mai dubawa. Na farar leda da ba rubutu a tsaga a shinshina, a duba ko akwai fumfuna. Bushewa ba laifi ba ce, amma tsami ko ɗigon kore ko baƙi ba abin da wuta za ta gyara. Kada a gasa a gwangwani mai fenti a ciki ko mai tsatsa. Zaƙinsa kuma mai yawa ne ƙwarai, cikin da ya yi wata guda yana azumi a bi shi a hankali, masu ciwon suga kuwa, waɗanda yanzu kusan kowane dangi akwai su, a yanka musu gwanda ko kankana, kada kunya ta sa su ci abin da zai kwantar da su ranar idi.

Abin da ya fi faranta mini rai a kwanon 'yar yayana shi ne dabino da gyaɗar nan. A bidiyon da ta gani cakulan aka sa, ita kuwa ta duba abin da ke ɗakin uwarta, ragowar dabinon buɗa-baki da gyaɗar gonarsu. Wata ƙawarta, in ji ta, riɗi take soyawa ta barbaɗa, riɗin da ake nomawa a nan Gumel da Maigatari da Gagarawa ana lodawa zuwa ƙasashen waje alhali mu ba mu cika sa shi a komai ba sai kantu da miya. Wata kuma zuma take ɗigawa a maimakon rabin madarar, ta daka 'yar citta da kanumfari ta zuba, sai ƙamshin ya koma na nakiya. Haka cincin ya yi. Shi ma baƙo ne a da, fulawa da bota ba kayan kakanninmu ba ne, amma yau ba wanda zai ce ba namu ba ne.

A babbar sallah ba a ganin haɗin kek sosai, don kowane murhu na gidan nama ya kama shi, ƙamshin suya kuma ba ya barin wani ƙamshi ya yi motsi. Na ƙaramar sallah ne. Ita kuma ƙaramar sallah kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya: a 2024 ranar 10 ga Afrilu aka yi ta, a 2025 ranar 30 ga Maris. Zuwa 2030 za ta faɗo a farkon Fabrairu, daga nan kuma ta yi shekaru tana yawo cikin hunturu. A sanyin Janairu na wannan yanki, kwanon da aka sauke da safe zai kai dare lafiya, ya daskare ya yanku da wuƙa, a jera shi a kula a ɗora a babur zuwa Danzomo ko Gumel. Abin da ya tsare wa alkaki da nakiya matsayinsu a 'yan shekarun nan har da zafin bazara, wanda ya hana sabon abin fita daga gida. In sanyi ya ɗauke wannan shinge, matan da ke naɗin alkaki a unguwarmu a lokacin sun ƙara shekaru a kan tsufansu, kuma a cikin sa'o'in 'yar yayana har yanzu ban ga wadda ta zauna gabansu da faranti ba.